Yadda ni da maigida muke zaɓen masaukin nutso a bakin teku

Ƙarfe shida da rabi na safe mota ta zo ɗaukarmu, ba mu taɓa ruwa ba sai wajen sha ɗaya. A Zanzibar ne, watan Yuli, tafiyarmu ta farko da niyyar yin nutso da tukunyar iska. Maigida ya kama mana ɗaki a gabar kudu maso gabas, wajen Paje, saboda hotunan da ya gani: farin rairayi, bishiyoyin kwakwa, gado da gidan sauro kamar na amarya. Duk abin da hoto ya nuna mun tarar da shi. Abin da bai nuna ba shi ne lokacin iskar da mutanen wurin ke kira kusi ne, wadda ke kaɗawa daga kudu tun wajen Yuni har Satumba, kuma a wannan gabar idan teku ya janye sai ka ga ya yi nisa, mata na tsugune suna aikin ciyawar ruwa a inda ɗazu igiya ke wasa. Otel ɗin ba shi da nasa masu nutso. Wani kamfani ya sayar da mu gare shi, shi kuma ya kwashe mu a mota sama da awa ɗaya zuwa arewa, sannan kwalekwale zuwa ɗan tsibirin Mnemba, inda ake nutson. Kafin mu isa na yi amai sau biyu. Na shiga ruwan jikina na rawa, na fito da niyyar ba zan ƙara ba.

Na ƙara. Tun daga nan ni ce mai zaɓen masauki, kuma abin da zan faɗa muku shi ne tsarin da nake bi: ruwa tukuna, sannan mutanen da za su sauka da ku cikinsa, ɗaki ya zo a ƙarshe. Kuma duk tambayar da za ku yi, ku yi ta da ma'aunin wanda ya fi rauni a cikinku. A kowane miji da mata akwai wanda ya fi zumuɗi, akwai wanda ya biyo don ƙauna. Idan aka zaɓi wuri don na farkon, na biyun zai wuni a ɗaki, ko ya shiga ruwan da ya fi ƙarfinsa don kada a ce ya ɓata tafiya. Shiga ruwan nan shi ne haɗarin.

Tun ba ku buɗe intanet ba, ku je wurin likita. Ba na wasa da wannan, musamman mu da cutar sikila ta yi yawa a cikinmu. Mai sikila ba ya nutso da tukunya. Wanda yake AS ya faɗa wa likitan da ya san harkar nutso, shi zai yanke. Haka mai farfaɗiya, mai asma, mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, da wanda aka taɓa yi wa aiki a kunne ko huhu. Mai ciki ba ta nutso ko da cikin wata ɗaya ne, kuma idan kuna neman haihuwa a lokacin, ku yi lissafi kafin ku biya kuɗi. Duk cibiyar kirki za ta miƙo muku takardar tambayoyin lafiya ku cika. Kada ku rubuta a'a a inda amsar take e don gudun a hana ku. Dalilin a fili yake: kowace mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin na dukan iskar da ke samanmu a tudu. A mita 10 ya ninka, a mita 20 ya zama uku. Huhu da kunne da jini duk suna jin wannan.

Sai katin shaida. Katin farko na PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke koyar da nutso, yana ba mutum damar sauka zuwa mita 18, na gaba da shi zuwa mita 30. Wanda bai da kati ko kaɗan ana iya saukar da shi don ɗanɗano, malami na riƙe da shi, bai wuce mita 12 ba. Karatun katin farko kwana uku ne zuwa huɗu: darasi, atisaye a ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a teku. Ana so ka iya ninƙayar mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10. Ni da na tashi a Zariya ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, wata uku na yi ina zuwa wurin wata mai koyar da mata ninƙaya kafin tafiya ta biyu. Ku yi wannan a gida, ku kuma gama darasin ta intanet kafin ku tashi. Kada ku ɓata kwanakin da kuka saya da dala kuna zaune a aji.

Idan katinku ba iri ɗaya ba ne, to a nan zaɓe yake farawa. Maigida yana da na mita 30 tun kafin ni. Burinsa shi ne Thistlegorm, jirgin dakon kaya na Ingila da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a Bahar Maliya a watan Oktoban 1941, yana kwance a wajen mita 30, babura da motocin soja na nan jere a cikinsa har yau. Wuri ne mai zurfi, ruwan kuma yana ja. Ba nawa ba ne a lokacin. Abin da muka nema shi ne garin da zai iya tafiya can rana ɗaya, sauran kwanakin kuma mu sauka tare a inda ni ma zan sake. Ku tambayi cibiyar kai tsaye: in ɗayanmu sabo ne, ɗayan ya daɗe, za ku haɗa mu a rukuni ɗaya ko za ku raba mu? Wurare nawa kuke da su da ba su wuce mita 18 ba, kuma ruwansu a kwance yake? Idan amsar ita ce “ba matsala, duk za ku iya”, ban yarda da su ba. Mai gaskiya zai lissafo muku wuraren da sunayensu, ya kuma ce wannan da wannan ba na matarka ba ne tukuna.

Abin da na fi dubawa yanzu shi ne nisan gado da murjani. Akwai masaukin da dutsen murjani yake bakin ƙofarsa, ka saɓa tukunya ka taka 'yan matakai ka shiga. Akwai wanda sai an yi tafiyar awa ɗaya a jirgi. Bambancin ba na jin daɗi ba ne kawai. Inda murjani yake kusa, in kunnenki ya ƙi buɗewa yau sai ki fito ki sha shayi, ki sake gwadawa da la'asar, ba wanda kika tsayar. A jirgi kuwa mutum goma sha biyu na jiranki, kunya ta sa ki matsa wa kunnen, kuma haka ake fasa dodon kunne. Shi ya sa tafiyarmu ta biyu muka je Dahab, a gabar Sina'i ta ƙasar Masar, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota daga Sharm el-Sheikh. Kusan duk nutson garin daga tudu ake shiga. Akori-kura ke ɗaukar tukwane, a shimfiɗa tabarma a bakin ruwa, a shirya a shiga. Wurin da suke kira Lighthouse a tsakiyar gari yake, gidajen abinci na kewaye da shi.

A nan na koyi cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa, abin da ya fi ba ni tsoro. Muna durƙushe kan rairayi a mita biyar, malamar tana gabana, hannunta ɗaya riƙe da igiyar falmarata mai iska. Na cire, ruwan gishiri ya taɓa hancina, zuciyata ta ce tashi sama. Sai na ji ta ɗan matsa kafaɗata sau biyu, alamar da muka yi da ita cewa ina nan, shaƙi ta baki. Na shaƙa. Na mayar da gilashin, na ɗaga kai, na hura ta hanci har ruwan ya fita. Da na buɗe ido sai ga maigida can gefe, bai matso ba kamar yadda ta gargaɗe shi, ya haɗa babban yatsa da manuni yana tambayata ko lafiya. Wani ɗan kifi ja yana shawagi tsakaninmu. Sau huɗu muka maimaita a ranar, ba ta duba agogo ba ko sau ɗaya. Irin wannan malamar nake nufi in na ce mutane sun fi ɗaki.

Dahab tana da nata gargaɗin. Akwai ramin nan da ake kira Blue Hole, zurfinsa ya haura mita 100, da wata ƙofa a wajen mita 55 da ta ci rayukan masu nutso da yawa, allunan sunayensu na manne a jikin dutsen bakin wurin. Gefen ramin ana zagaya shi lafiya a zurfin da ya dace. Amma duk jagoran da ya yi wa mijinki tayin ya ɗan leƙa ƙofar da tukunya ɗaya, ku tattara kayanku ku bar cibiyarsa a ranar.

Yadda ake gane cibiyar kirki ba wuya, in dai za ku shiga bayan kanti. Ranar da muka isa, kafin mu biya ko sisi, nakan ce a nuna mini ɗakin kaya. Ina duba abin da ake sawa a baki, ko haƙoran wasu sun cinye robar. Ina duba wuyan tukunya, inda ake buga ranar da aka gwada ta. Ina buɗe iskar kaɗan in shinshina: iska mai kyau ba ta da wari, in kun ji ƙaurin mai ko hayaƙi kada ku shaƙe ta, kuma ku dubi inda injin cika tukwane yake zuƙo iskarsa, kada ya zama kusa da salansar janareta. Sannan in tambayi akwatin oksijin na gaggawa. Ba a ofis nake son ganinsa ba, a cikin jirgi ko motar da za ta kai mu. Na taɓa tambaya a wani wuri sai yaron ya ce yana wajen manaja, manaja kuma ya tafi gari da makulli. Ba mu nutsa da su ba.

Ku tambayi mutum nawa jagora ɗaya ke sauka da su. Huɗu ya yi, shida da sauƙi in duk sun ƙware, fiye da haka garke ne. Ku tambaya ko akwai kwamfutar hannu ta haya ga kowane mutum, domin ita ke lissafa yawan naitirojin da jiki ya sha daga iskar tukunya, ba a kuma yin tarayya a kanta ko da mata da miji ne. Ku saurari bayanin da ake yi kafin shiga ruwa. Jagoran kirki zai zana wurin, ya faɗi zurfi da minti nawa, ya ce ma'aunin iskar tukunya na farawa daga 200, a sanar da shi in ta kai 100, a fito da 50, a kuma tsaya minti uku a mita biyar kafin a ɓullo. Zai faɗi abin da za a yi in an rabu: a duba minti ɗaya, in ba a ga juna ba a hau sama a hankali.

Tambaya ta ƙarshe a wannan babin ita ce ɗakin matsin iska, inda ake kai wanda kumfar naitirojin ta kama a jini ko gaɓoɓi. Ina yake, awa nawa ne, da me za a kai mutum da dare? Sharm el-Sheikh da Dahab duk suna da shi. A Maldibs, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya, akwai a wasu tsibirai, har da Kuramathi da ke daura da tsibirin Rasdhoo. Jinyar tana da tsada ƙwarai, kuma inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar haɗarin nutso. Mu muna yin ta DAN, ƙungiyar da ke yi wa masu nutso inshora, mu biyu, kafin mu sayi tikiti.

Yanzu maganar da 'yan'uwana mata suka fi yi mini a waya: sutura. Rigar robar da ake sawa tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai kuma hular roba da ke rufe gashi da wuya. Amma tana kama jiki, wannan gaskiya ce. Ni ina ɗora doguwar riga mai saurin bushewa a kai har sai an zo shiga, in na fito kuma maigida na miƙo mini ita tun ina kan tsani. Ɗankwali ko hijabin wasanni kada ya shiga ƙarƙashin bakin gilashin fuska, in ya shiga ruwa zai yi ta zubowa. Ki yi kitso ƙanana kwantattu, ƙulli a ƙeya yana ture igiyar gilashi. Maza kuma gashin baki ne ke jawo musu yoyo, maigida yakan rage na ƙarƙashin hanci kaɗan kafin tafiya. Ki rubuta wa cibiyar tun daga gida ki ce malama mace kike so, ki nemi su tabbatar tana nan a ranakun da za ku zo, domin masu wannan aiki suna yawan sauya wuri. Ki tambaya ko jirginsu na da banɗaki da wurin sauya kaya mai ƙofa. Ƙananan kwalekwale da yawa ba su da shi.

Ta wannan fuskar Maldibs ta fi kwanta mini. Ƙasar Musulmi ce gaba ɗaya, tsibirai wajen 1,190. Da can baƙo sai dai ya sauka a tsibirin otel, inda ba kowa sai ma'aikata da baƙi, amma tun 2009 aka ba mutanen gari damar buɗe masaukai a tsibiransu. Mun sauka a Rasdhoo. Ba a sayar da giya a irin waɗannan tsibirai, abinci halal ne ba sai ka tambaya ba, kiran salla na shigowa har ɗaki, masu son kayan wanka na Turawa an ware musu gefensu. Kuɗin bai kama ƙafar na tsibirin otel ba, ruwan kuwa ɗaya ne. Sai dai ku san jiragen ruwan gwamnati ba sa tashi ranar Juma'a, jirgin sama mai sauka kan ruwa kuma da rana kawai yake aiki, don haka wanda ya sauka Male, babban birnin ƙasar, da dare galibi zai kwana a can. Ku daidaita tikiti da wannan. Ku kuma sani cewa mashigan da ke tsakanin tsibirai ruwansu na ja da ƙarfi. A can manyan kifaye suke, can maigida ke so, ni kuwa sai da na yi nutso wajen talatin kafin na bi shi.

Lokaci yana iya gyara wuri ko ya ɓata shi. A Maldibs daga Disamba zuwa Afrilu ne rani, teku a kwance, ruwa garau. Daga Mayu zuwa Nuwamba iska da ruwan sama sun fi yawa, amma a lokacin ne manyan kifayen nan masu faɗi kamar faifai da ake kira manta ke taruwa a gaɓar Hanifaru, inda ba a yarda a shiga da tukunya ba, sai dai a yi iyo a sama da bututun shaƙa. A Zanzibar ku kauce wa Afrilu da Mayu, lokacin babban ruwan da suke kira masika, kuma in nutso ne ya kai ku, ku sauka a arewa, Nungwi ko Matemwe, kusa da Mnemba. Bahar Maliya ana shigarta duk shekara, amma a Janairu da Fabrairu ruwan arewacinta kan sauka zuwa digiri 21 ko 22. A tudu wannan ba sanyi ba ne, a ruwa kuwa bayan minti arba'in haƙora na haɗuwa. Sai da riga mai kaurin milimita biyar ko fiye, alhali a Maldibs, inda ruwa ke wajen 28, mai uku ta isa. In matarka mai jin sanyi ce, wannan kaɗai ya isa ya yanke muku wata.

Ba ma haɗa tafiyar nutso da azumi. Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon kumfa, iskar tukunya kuma busasshiya ce, tana ƙafar da maƙogwaro.

Kuɗi kuwa, kada ku kwatanta farashin ɗaki da ɗaki. Ku nemi jimla a rubuce: kwana kaza, nutso kaza ga mutum biyu, hayar kaya, kuɗin jirgi, kuɗin shiga gandun ruwa irin Ras Mohammed, ɗauko ku daga filin jirgi da mayar da ku. A Maldibs haraji da kuɗin hidima kan ƙara sama da kashi ɗaya bisa huɗu a kan farashin da aka fara faɗa, sai ku tambaya ko an riga an haɗa. Kada ku sayi nutso goma-goma tun daga gida in ba za a mayar da kuɗin wanda ba a yi ba. Mura kaɗai na iya hana mutum kwana uku, domin ba a sauka da toshasshen hanci. Gilashin fuska dai ku sayi naku, wanda ya zauna a fuskarku: a ɗora ba igiya, a ɗan ja numfashi ta hanci, in ya manne ya yi. Biza ku fara nema da wuri, katin rigakafin shawara kuma ya kasance cikin fasfo, ana tambayarsa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu.

Ku tanadi abin da wanda bai shiga ruwa ba zai yi. Akwai ranar da zan ce yau hutawa zan yi, kuma a tsibirin da za ka zagaye cikin rabin awa wunin yana da tsawo. A Zanzibar akwai tsohon gari da gonakin kanumfari, a Dahab akwai kasuwa da hamada. Tun a gida muka yi alkawari da maigida cewa duk wanda ya ɗaga babban yatsa sama, alamar a fita, to an gama nutson, ba tambaya ba ƙorafi, ko da minti biyar aka yi. Sau ɗaya shi ya ɗaga, kunnensa ne ya ƙi. Da muka ɓullo ya fara ba ni haƙuri, na ce masa, “Abban yara, ai maganar da muka yi ke nan.”

Ranar ƙarshe ba ta ruwa ba ce. Bayan nutson kwanaki a jere ana so a yi aƙalla awa 18 kafin a hau jirgin sama, mu kwana guda cur muke bayarwa, domin sauran naitirojin da ke jiki na iya zama kumfa in matsin iska ya ragu. Hawa dutse ma haka yake, kuma a nan masu zuwa Dahab ke kuskure. Dutsen Ɗuri Sina yana kusa, tsayinsa mita 2,285, ana tashi da dare a hau don a ga fitowar rana, ba kuma Musulmin da zai zo nan bai so ya taka shi ba. Hanyar motar kanta hawa take yi sosai kafin a kai gindinsa. Mu mun sa shi a daren farko, tun ba mu taɓa tukunya ba, muka yi sallar asuba a sama cikin bargon haya, muka sauko muka yi barci wuni guda, washegari muka shiga ruwa.